Kofin Sha Ko Abin Kallo: Ina Mai Aikin Yumɓu Zai Dosa?

Duk wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu yana cuɗa yumɓu, akwai ranar da wannan tambaya za ta sha gabansa. Hannu ya fara faɗawa, an daina asarar yumɓu buhu-buhu, sai mutum ya lura lokacinsa da ɗan gurbin da yake samu a tanderu ba za su ɗauki abu biyu ba. Ko dai ya duƙufa a kan kayan amfani, kofi da kwano da faranti da butar shayi, ko ya karkata ga ginin da ba a zuba komai a cikinsa, wanda ake girkewa don a zagaya shi ana kallo. Wannan na biyun zan riƙa ce masa ginin kallo, don kalmar sassaƙa ba ta zauna masa daidai ba. Mai sassaƙa ragewa yake yi daga jikin itace ko dutse, mai yumɓu kuwa ɗorawa yake yi. Kuma ba lallai ne ya zama siffar mutum ko dabba ba. Da yawa daga cikin abin da ake bajewa a yau siffofi ne zalla, zagaye da lanƙwasa da rami, ba su kwaikwayi wani abu mai rai ba.

Gara in faɗi inda na tsaya tun da wuri. Mai farawa, ni kayan amfani nake ce masa ya fara riƙewa, ko da kuwa zuciyarsa na wajen ginin kallo. Akwai waɗanda wannan shawara za ta cuta, zan zo kansu.

Babban abin da ya raba hanyoyin biyu shi ne wanda zai yanke wa aikinka hukunci. Kofi alƙalansa hannu da leɓe ne, kuma ba sa sauraron uzuri. Kafin mutum ya kai shi baki, hannunsa ya riga ya auna shi. In ya ji nauyin ya wuce abin da ido ya zata, to yumɓu ne ya taru a gindi, maginin bai jawo shi sama ba. Bakin kofin in ya yi kauri, abin sha ya riƙa zubowa ta gefe. In ya yi siriri da yawa, ya ɓantare a wanki na uku. Sai mariƙi: yatsa nawa ke shiga, kuma bayan yatsan na gogar jikin kofin mai zafi ko kuwa akwai tazara? Ƙasan gindin ma in ba a goge shi ba, tebur zai ba da labari. Duk wannan a kan abin da kaurin bangonsa bai fi milimita 4 ko 5 ba.

Butar shayi ta farko da na yi taƙama da ita ce ta koya mini karatun. A hoto ba ta da makusa, ciki zagaye tas, ruwan gilashin da na shafa mata, wato shafen da ke narkewa a wuta ya zama sulɓi, kore mai duhu ya kwanta lumui. Ranar da na cika ta da ruwan zafi a gaban baƙi, tun ban karkata ta ba ruwa ya soma leƙowa ta hanci, domin na dasa hancin ƙasa da bakin butar. Da na karkata kuwa, sai ruwan ya bi ta ƙarƙashin hancin ya sauka a tebur, murfin ya zame ya faɗi ya rabe biyu. Ba wanda ya ce uffan, wani dai ya miƙo mini tsumma. Bayan nan ne na san cewa ƙarshen hanci dole ya kai tsayin bakin buta, leɓensa na ƙasa ya zama mai kaifi don ya yanke ruwa, murfi kuma a huda masa ƙaramar kafar iska a yi masa wuya mai zurfi a ciki. Har ma na san cewa hancin da aka juya a keken gini, faifan nan mai juyawa da ake gina tukunya a kansa, yakan ƙara murɗewa kaɗan a cikin wuta, shi ya sa gwanaye ke yanke bakinsa a ɗan karkace, su bar wuta ta daidaita shi. Wannan ilimi da rana tsaka ya same ni, kuma ban ƙara mantawa ba.

Ginin kallo ba shi da alƙali mai saurin yanke hukunci irin wannan. Nan daɗinsa yake, nan kuma haɗarinsa yake. Ba ruwanka da ko abin zai riƙe ruwa, ko zai shiga kabad, ko zai jure soso da sabulu. Kana iya tsaga shi, ka huda shi, ka bar shi da kaushi kamar ɓawon itace, ka shafa masa fenti bayan ya fito daga wuta. Sai dai idan aikin ya yi rauni, ba abin da zai zubo a tebur ya tona maka asiri. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to idon da ya san kimar ginin kallo sai an horar da shi shekara da shekaru, da yawan ganin aikin wasu da jin suka daga bakin wanda ba ya jin kunyarka. Mutum na iya shafe shekara uku yana gina abu maras ƙashi, abokai na cewa ya yi kyau, shi kuma ya ɗauka ya iso.

Kada wani ya ɗauka ginin kallo sauƙi gare shi a wajen aikin hannu. Wahalarsa ce ta koma wani wuri, wato wajen nauyi da bushewa da wuta. Yumɓu yana tsukewa daga ɗanye zuwa gasasshe, galibi kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari, gwargwadon irinsa. A jikin kofi wannan ba wani abu ba ne, gaba ɗaya yake tsukewa tare. A jikin ginin da ya kai tsayin ƙugu kuwa, sama ta bushe ƙasa na ɗanye, sashe mai kauri na jan sashe siriri, sai tsaga ta ɓullo a daidai inda ka fi so. Shi ya sa masu wannan aiki ke cuɗa yumɓunsu da dakakken tsingaro ko yashi, wasu ma da jiƙaƙƙiyar takarda, don ya rage tsukewa ya riƙe kansa. Kuma ba a gasa dunƙule. Ana gina shi da rami a ciki tun farko, ko a yanka shi biyu a ƙwaƙule cikin a sake haɗawa, a bar bango bai wuce santimita 2 ba in da hali.

Wanda ya taɓa buɗe tanderu da safe ya tarar da gininsa ya zama tsakuwa, ya watsu har cikin kwanukan mutane da ke jere a ƙasa, ya san me nake nufi. Ana yawan ɗora laifin a kan iskar da ta maƙale a cikin yumɓu, amma mai laifin na gaskiya ruwa ne. Wajen ya bushe, cikin bai bushe ba, zafi ya kai digiri 100 ruwan ya zama tururi ya rasa hanyar fita. Akwai kuma wata mashiga a digiri 573 na ma'aunin Selshiyos, inda ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya, su sake tsukewa a daidai wurin in tanderu na hucewa. Gini mai kauri dole a ratsa da shi wannan wuri a hankali, hawa da sauka. Mai kofuna yana iya gina kaya yau ya gasa su mako mai zuwa. Mai ginin kallo yakan lulluɓe aikinsa da leda ya yi ta jira makonni. Jun Kaneko, ɗan Japan mazaunin Amurka, manyan gine-ginensa da suka fi mutum tsayi sukan yi watanni suna bushewa, su yi makonni a cikin wuta, kuma a tanderun masana'antu ya gasa mafi girmansu domin na ɗakin aiki ba zai ɗauke su ba. Viola Frey ta Kalifoniya kuwa gunduwa-gunduwa take gina manyan siffofinta masu kai mita 3, a gasa kowane sashe daban, sannan a ɗora su kan juna. Ƙofar tanderunka ita ce iyakar burinka, sai dai in ka koyi irin wannan dabara.

Inda hanyoyin biyu suka fi nisa da juna shi ne maganar ruwan gilashi, shafen nan da ke narkewa a wuta ya zama sulɓi a jikin tukunya. Mai ginin kallo komai ya halatta gare shi. Shafen da ya tsattsage kamar saƙar gizo, wanda ya yi kumfa, wanda ya taru gefe guda ya bar jiki tsirara, duka ado ne a wurinsa. Mai kayan amfani kuwa amanar cikin mutane ya ɗauka. Dalma da sinadarin kadmiyom, waɗanda suka daɗe suna ba da ƙyalli da ja mai haske, suna iya narkewa su shiga abinci, musamman mai tsami, don haka ba su da gurbi a cikin kwano. Tsagar da ke burge ido a jikin tulun ado, a cikin kofi wurin maƙalewar datti ce, kuma alama ce ta cewa shafen da yumɓun ba su tsuke daidai da juna ba wajen hucewa. Shafe maras ƙyalli yakan ɗauki zanen cokali. Akwai gwajin gida da magina ke yi, a ɗora yankin lemon tsami a kan shafen ya kwana, in launi ya canza a san ba na abinci ba ne. Amma gwajin mummunan shafe kawai yake kamawa. Wanda ya tsallake shi bai zama lafiyayye ba sai ɗakin gwaji ya tabbatar.

Yumɓun kansa ma da magana. Wanda ake gasawa tsakanin digiri 1,000 da 1,150 yana fitowa da ƙananan kafofi, yana shan ruwa, sai shafe ya rufe shi ruf kafin ya yi aikin tebur. Wanda ake kaiwa 1,200 zuwa 1,300 shi ke haɗewa ya yi tauri kamar dutse, kuma shi da tangaran ne akasarin masu kayan tebur ke dogara da su. Ƙarin zafi kuwa ƙarin kuɗin wuta ne da saurin tsufan tanderu. Mai ginin kallo yana iya tsayawa a ƙananan digiri ya huta, ko ya yi irin gashin nan da ake zaro kaya daga wuta suna jajir a tura su cikin dusar katako, wanda ke ba da launuka masu ɗaukar ido amma ba a cin abinci a cikinsa. Sai fa in a waje za a girke aikin a ƙasar da ruwa ke daskarewa, nan shan ruwan yumɓu zai fasa shi.

Wannan rabuwa da muke gani kamar tun asali take, ba ta daɗe da yin tsanani ba. A 1920 magina biyu, Bernard Leach Baturen Ingila da Shoji Hamada ɗan Japan, suka kafa wurin gini a St Ives, a kudu maso yammacin Ingila. Su da abokinsu Soetsu Yanagi, wanda ya jagoranci harkar raya sana'ar hannun talakawa a Japan, sun yi imani cewa kyan gaske yana wajen abin da ake amfani da shi kullum, wanda maginin ya yi ta maimaitawa har ya daina tunanin kansa. Hamada yawancin tukwanensa ko alamar suna ba ya sa musu. Wannan tunani ya mamaye koyar da gini a Ingila da Amurka shekaru masu yawa.

Sai aka samu masu tawaye a wurare biyu kusan lokaci ɗaya. A Kiyoto, a 1948, Kazuo Yagi da wasu matasa suka kafa ƙungiyar Sodeisha. Yagi ɗan magini ne, a cikin sana'ar ya tashi. Tambayar da ta dame su ƙarama ce a baki: in aka rufe bakin tukunya, me ta zama? A 1954 Yagi ya juya wani zobe na yumɓu a keke, ya tsayar da shi a gefensa kamar taya, ya manna masa ƙananan bututu suna leƙe ta ko'ina. Kayan aikin na magini ne, dabarar ta magini ce, amma ba inda za a zuba ko ɗigon ruwa. A wannan shekarar ce kuma Peter Voulkos ya fara koyarwa a makarantar fasaha ta Otis a Los Angeles, inda ya shiga tara yumɓu kan yumɓu yana yanka yana hudawa yana naushi, irin yadda masu zanen fenti na zamaninsa ke yi da allo.

Abin da masu ba da wannan labari kan tsallake shi ne wanda ya fi muhimmanci ga mai neman zaɓi. Kafin Voulkos ya fara huda faranti, gwanin kayan amfani ne da ke cin kyaututtuka. A cibiyar Archie Bray da ke Montana yake gina kwanuka da tuluna, kuma a can Leach da Hamada da Yanagi suka same shi a ziyararsu ta 1952. Da ya tashi fasa tukunya, ya san daidai inda ƙashinta yake. Betty Woodman ma shekaru ta yi tana kayan tebur kafin ta fara yanka tulu ta baje sassansa a bango, aikin da ya kai ta ga baje kolin tarihin aikinta a gidan tarihi na Metropolitan a New York a 2006. Hans Coper, da ya shiga ɗakin aikin Lucie Rie a Landan a 1946 bai san komai game da yumɓu ba, da maɓallan riga ya fara, ya wuce kofuna da kwanukan da suka riƙa yi tare. Ban ce dole kowa ya bi ta wannan ƙofa ba. Akwai waɗanda suka shigo yumɓu daga zane ko daga aikin ƙarfe suka yi abin a zo a gani. Amma kofi ɗari biyar suna koya wa hannu kauri da laima da lokacin haɗa sassa cikin hanzarin da gini ɗaya mai cin wata biyu ba zai iya ba, saboda kuskure ɗari biyar ka yi ka gyara.

Akwai hanya ta uku, kuma ita ta fi jan hankalin masu tasowa: abin da ke da siffar tukunya, da baki da ciki da gindi, amma ba don amfani aka yi shi ba. Yawancin sunayen da suka yi fice a wannan zamani nan suke zaune. Aikin Ladi Kwali misali ne mai kyau na yadda ake tsallaka iyakar ba tare da siffa ta canza ba. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da gini da Michael Cardew, almajirin Leach, ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu. Ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu, da zanen ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsu a jikinsu, sai dai yanzu da yumɓu mai zama dutse, da shafen gilashi, a wuta mai tsanani. Tulun ya yi nauyin da ba a ɗaukarsa cike da ruwa, kuma da kafofinsa suka toshe ya daina sanyaya ruwa, tunda sanyin daga tsattsafowar ruwa ta jiki yake zuwa iska na busarwa. Siffar na nan yadda take, aikin ya tafi, tulun ya koma gidajen tarihi.

Magdalene Odundo, haifaffiyar Nairobi a 1950, ta je wannan cibiya a 1974 ta koyi ginin hannu. Tukwanenta ba shafen gilashi, guga ce da ruwan yumɓu mai laushi har su yi sheƙi, wuta ta mai da su ja ko baƙi wuluk. Wuyansu da kafaɗarsu kan tuna wa mai kallo jikin mutum, kuma ba wanda zai yi tunanin zuba musu ruwa. Coper ya riƙa juya sassa daban-daban a keke yana haɗa su su zama siffofin da ba a saba gani ba, amma bai yarda ya daina kiransu tukwane ba. Grayson Perry da tuluna masu ɗauke da zane da rubutu kan rayuwar Ingilawa ya ci kyautar fasaha ta Turner a 2003. Edmund de Waal kuwa ya jera tangaran 425 a kan jan kanta can sama a cikin ƙubbar gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan a 2009, inda hannu ba ya kaiwa. Kowane ɗaya daga cikinsu kwano ne ko kofi da zai iya aiki, amma jerin ne aikin fasahar.

Ina son wannan hanya, kuma ita nake fi jin tsoro wa mai koyo. Dalili kuwa, mafaka ce mai daɗi. Buta ta ƙi zuba, sai a ce ai ta kallo ce. Ginin kallo ya rasa abin faɗa, sai a buɗe masa baki a ce tulu ne. A ƙarshe a samu jemage, ba tsuntsu ba ba dabba ba. Waɗanda na ambata ba gudun wahalar ɓangare ɗaya ya kai su tsakiya ba. Suna da dalilin riƙe siffar tukunya, domin kowa ya san tukunya, kowa ya taɓa riƙe ta, saboda haka duk abin da aka yi mata mai kallo zai ji shi a jikinsa. In ba ka da amsar me ya sa abin nan yake da baki alhali ba za a zuba masa komai ba, ba ka isa shiga nan ba tukuna.

Maganar abin sawa a baki ba za a tsallake ta ba. Kayan amfani kuɗinsu kaɗan-kaɗan yake shigowa amma yana shigowa. Mutum zai sayi kofi ba tare da ya nemi shawarar kowa ba, in ya ji daɗinsa ya dawo ya sayi kwano, in ya fashe ya zo neman wani. Matsalar ita ce kana gasa da masana'antar da ke fitar da dubbai a yini, kuma akwai iyakar abin da mutane za su biya a kan kofi komai kyansa. Riba sai da yawa, yawa kuwa sai da maimaici: auna curin yumɓu iri ɗaya, zama a keke sa'o'i, manna mariƙi hamsin kafin su bushe. Baya da wuyan hannu su ke biyan bashin. Warren MacKenzie na Minnesota, wanda ya yi almajirci a wurin Leach a farkon shekarun 1950, da gangan ya riƙa sayar da kayansa da araha don a ci abinci a ciki, har akwai lokacin da ya daina sa musu alamarsa saboda masu saye don suna. Hakan bai hana masu tara kayan fasaha wawaso a kansu ba, abin da ke nuna ko maginin ba shi da cikakken iko a kan inda aikinsa zai ƙare, tebur ko akwatin gilashi.

Ginin kallo kasuwarsa ta biki ce. Aiki ɗaya na iya kawo abin da kofuna ɗari ba su kawo ba, sannan a yi wata shida shiru. Gidajen baje koli sukan ɗauki kusan rabin kuɗin abin da suka sayar. Ga kuɗin akwati da jigila, ga fargabar fashewa a hanya, ga wurin ajiyar waɗanda ba a saya ba, don ba sa shiga cikin juna kamar kwanuka. Sannan akwai aikin da ba na yumɓu ba: ɗaukar hoto mai kyau, rubuta bayanin abin da kake nufi, cike takardun neman tallafi da gurbin zaman aiki, sanin mutane. Wanda ba ya son magana a kan aikinsa zai sha wuya a nan. Shi ya sa da yawa daga cikin masu ginin kallo koyarwa ce ke riƙe da su. Voulkos kansa ya koma jami'ar Kalifoniya a Berkeley a 1959 ya yi shekaru yana koyarwa. Ƙurar yumɓu dai ba ta san bambanci ba, huhun kowa take ci, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma a bar tsintsiya.

Wasu na cewa a haɗa biyun, kofuna su ciyar da gida, ginin kallo ya ciyar da rai. Ana yi, kuma wasu sun dace. Amma a sani sau da yawa yumɓu biyu ne, shafe biyu, tsarin wuta biyu, masu saye iri biyu. Garin tsingaron da ke taimakon babban gini in ya shiga yumɓun kofi, yatsu za su ji a keke. Kuma odar kofuna ba ta jira, kullum ita ke cinye lokacin ɗayan. Wanda zai haɗa, gara ya raba shekararsa gida biyu da ya raba yininsa.

To su wa shawarata ta farko za ta cuta? Wanda abin da ke kansa tun farko ba shi da alaƙa da tebur. Akwai mutumin da yumɓu a wurinsa hanya ce kawai ta fitar da wata siffa da ke damunsa, da zai same ta a ƙarfe ko siminti da ya tafi can. Irin wannan in ka ɗaure shi a keke shekara uku yana koyon mariƙi, ƙila ya bar sana'ar gaba ɗaya. Shi ginin hannu ya kamata ya koya, naɗi da shimfiɗa da ƙwaƙule ciki, ya yi ta zane a takarda, ya nemi mai sukar aikinsa da gaske. Haka wanda bayansa ko wuyan hannunsa ba za su ɗauki maimaici ba. A ɗaya gefen, wanda ke jin daɗi in ya ga kwanonsa a hannun wani ya ɗan ɓantare saboda yawan aiki, wanda ke juya kofin mutane ya duba gindinsa kafin ya sha, wannan kada ya bari a ruɗe shi da cewa sai ya rufe bakin tukunya zai zama mai fasaha. Lucie Rie, wadda ta baro Ostiriya zuwa Landan a 1938, kwanuka da kwalabe ta yi ta ginawa har tsufanta, kuma manyan gidajen tarihi na alfahari da su.

In har yanzu kana tsakiya, ga gwajin da nake ba masu tambayata. Ware wata guda. Gina kofi 30 masu girma ɗaya, kowanne da mariƙi, sannan ka gina abu ɗaya rufaffe mai rami a ciki wanda tsayinsa ya kai kamu guda. Kada ka tsaya duba wanne ya fi kyau, duka biyun ba za su yi kyau ba. Abin dubawa shi ne kai. A kofi na 25, hannunka ya fara gano wani abu ne ko kuwa agogo kake kallo? A mako na uku, da kake ɗaga leda kana taɓa ginin ka ji har yanzu da sanyi, ɗoki kake ji ko haushi? Wanne ne ka tashi da dare ka je ka leƙa? Ranar gashi kuma ka huda wa rufaffen ƙaramar kafa a gindi, ka ba shi kantarsa shi kaɗai can ƙasan tanderu, nesa da kofunan.